Ranar da Aka Kira Jagrani

Da na san abin da waƙar mata za ta jawo a gidana, da na ce a yi bikin Nilam shiru, ko da mutanen Kherauli za su shekara suna kirana marowaci. Na tsare ƙofa, na tsare bakina, na tsare har inda ake rataye kofi. Waƙa ce kaɗai ban kawo a raina ba.

Sunana Sukhdev Varma, mai awon rake a kamfanin sukari. Da wannan sunan aka san ni shekara ashirin da huɗu. Wanda aka raɗa min kuwa Sukhai ne, a unguwar majema ta wani ƙauye can gabas, tafiyar kwana da wuni a jirgin ƙasa. Ranar da na sauka a nan aka tambaye ni jatina, wato asalin da aka haife ni a ciki, na ce mu manoma ne, don majemi ko taɓa shi ba a yi. Aka tambayi garinmu, na ce kogi ya cinye shi har da iyayena. Game da ubana ban yi ƙarya sosai ba, don ya riga ya mutu. Uwata kuwa a wannan ranar lafiyarta lau.

Duk shekara, a makonnin tunawa da magabata, nakan kira pandit, malamin addininmu, ya ci soyayyar gurasar puri da shinkafar madara da sunan marigayiya Jagrani. Sunan nata ban canza ba. Ban iya ba.

Wata huɗu kafin bikin 'yata tilo, da tsakar rana, marigayiyar ta iso. Ƙanena da ke riƙe da ita ya rasu, ruwan sama kuma ya rushe ɗakinta. Tun daga bakin lungu ta cire takalmanta ta riƙe a hannu, yadda ta saba in za ta ratsa unguwar manya. Maƙwabciyarmu Bitola Chachi, wadda ko kaza ba ta wuce ƙofarta ba a sani ba, ta leƙo.

"Varmaji, wace ce wannan mai jarfa har gwiwar hannu?"

Matata Kusum, wadda jininmu ɗaya da ita kuma sirrinmu ɗaya, ta riga ni.

"Mai aiki ce, Chachi. Ramkali sunanta. Aikin biki ya yi min yawa."

Na ja tsohuwar ɗakin ajiyar hatsi, na rufe ƙofa, na taɓa ƙafafunta, na faɗa mata komai. Na ce ɗan Bhagirath Varma, shugaban ƙauyen da ke kusa da mu, shi zai auri jikarta. Na ce in aka ji ko mu su wane ne, babu aure, kuma babu mai sake kallon yarinyar. Na ce Nilam ɗin ma ba ta sani ba.

Ta dube ni ta ce:

"To, Sukhai, me ya kashe ni?"

"Ruwa, Mayi," na ce, yadda muke kiran uwa a garinmu.

"Ruwa! Ni da nake tsallake kogi da damin ciyawa a ka? Ko mutuwar kirki ba ka zaɓa min ba."

"Wata huɗu ne kawai. Da an kai amarya shi ke nan."

"Na ji. Nuna min tsintsiya."

Sati biyu ta kwana a ɗakin hatsin. Sai Bitola Chachi ta shigo aron garwashi, ta ga tabarma kusa da buhun alkama, ta dafe ƙirji.

"Maman Nilam, alkamar da za a ciyar da baƙin ango ce wannan? In ba ki san jatinta ba, ni na sani. Dubi yadda take tsayawa a karkace in za ki wuce."

A ranar aka mayar da ita baranda. Aka ware mata kofi da farantin silba, aka kafa ƙusa a jikin darbejiya aka rataye su. Kusum ta ce min, "Baban Nilam, in muka bar ta ta sha a kofinmu, gobe za a fara tambaya." Na ce gaskiya ne. Na kuma ce wa kaina ai barandar ta fi iska.

Sai maganar famfo. Famfon tuƙa-tuƙa ne a tsakar gida, ana hango shi daga soron Chachi, saboda haka tsohuwar ba ta taɓa hannunsa. Takan ajiye bokiti ta koma gefe ta tsuguna har wani ya zo ya tuƙa mata. Wata rana Kusum ta tafi kasuwa da Nilam sayen zannuwan sari. Na dawo daga aiki bayan ƙarfe biyu, na same ta a tsugune, leɓenta ya bushe, bokitin babu komai.

"Mayi, ai babu kowa. Me ya sa ba ki ɗiba ba?"

Ta nuna soron da haɓa. "Akwai kowa."

Nilam ba muguwa ba ce, wannan zan faɗa ko a gaban wa. Ta yi kwaleji, har kyauta ta taɓa ci a gasar rubutu kan cewa duk ɗan Adam ɗaya ne. Da sanyi ya fara, ita ta ɗauko tsohon mayafinta ta ce, "Ramkali, ungo, kar ki mutu mana kafin biki." Ta sako shi daga sama, yadda ta ga kowa yana yi tun tana ƙarama. Tsohuwar ta tara hannu biyu ta cafe. Da yarinyar ta juya, na ga ta kai mayafin hanci tana shinshinawa.

Makonnin magabata suka zo tana gidan. Na so in tsallake na bana, Kusum ta ce wanda ya shekara ashirin yana yi, in ya fasa a shekarar biki sai an yi magana. Pandit ya zo ya zauna a kan sabuwar tabarma, ya kira sunan Jagrani sau uku, ya ci puri goma sha ɗaya, ya ce a ƙaro shinkafar madara don marigayiya ta ji daɗi. Mai sunan tana bakin darbejiya da gurasar roti biyu ta jiya da gishiri. Da na wuce ta kusa da ita, ta ce ƙasa-ƙasa, yadda take kirana ina yaro, "Babua, waccan ta sama ta fi ni sa'ar ɗa."

Na ce a raina, tunda har tana barkwanci, abin bai dame ta ba.

Bhagirath Varma ya zo duba shirye-shirye saura wata ɗaya. Mutum ne mai farar riga da babbar murya, wanda ba a taron da zai tashi bai ce zamanin jati ya wuce ba. Yana shan shayi ya hango ta tana shara.

"Samdhiji, ka burge ni," in ji shi, yana kirana da lakabin surukai. "Irin wannan a cikin gida! Haka ake so. Ni kaina a ofis da su nake zama, kujera kusa da kujera." Ya kurɓi shayi. "Sai dai ka san mata. Uwar yaron tsohon kai ce. In 'yan rakiyar ango suka gan ta a baranda, wasu ba za su ci abinci ba. Ba don ni ba, ka gane."

"Na gane, Samdhiji."

Kafin ya kai bakin titi mun mayar da ita rumfar ɓaunar da muke kiwo a bayan gidan. Kusum ta ce ai jikin dabba yana da ɗumi. Na kai mata buhuna biyu ta shimfiɗa. A sati na biyu ta fara tari, irin mai fitowa daga can ƙasan ƙirji. Na sayo magani na ajiye a kan dutse na ce ta ɗauka, don Chachi tana soro tana shanya barkono. Ta rame har jarfar hannunta ta tattare. Barkwancin ma ta daina. Kullum da safe nakan gaya mata kwanakin da suka rage, kamar mai yi mata albishir.

Saura kwana uku, da la'asar, matan unguwa suka cika tsakar gida don gayyatar magabata. An zaunar da Nilam a tsakiya, ga kwanon kurkum a gabanta. A gefe an ajiye 'yar kujera, da ganye ɗauke da shinkafa da alawa, da kofin tagulla cike da ruwa, rabon waɗanda suka riga mu. Ni ina bakin ƙofa da masu kafa rumfa. Bitola Chachi ce ke ba da waƙa, wata na buga 'yar gangar dolak. Ta kira ubana, mata suka amsa. Ba ta buƙaci a gaya mata suna na gaba ba, shekara ashirin tana jin sa a bakin pandit.

"Jagrani, uwar gida, sauko,
jikarki za ta gidan miji.
Ga kujerarki, ga ruwanki,
kar ki ce ba a kira ki ba."

Suka maimaita sau biyu. A na uku dolak ya tsaya.

Uwata ta fito daga rumfar ɓauna, mayafin Nilam a kafaɗarta, ciyawa a gashinta. Ba ta karkace ba, ba ta sunkuyar da kai ba. Ta ratsa tsakiyar mata, suna ta janye zannuwansu, ta zauna a kan kujerar, ta ɗauki kofin tagulla ta kafa baki ta shanye.

"An kira ni," ta ce. "Na zo."

Chachi ta ƙwala ihu. "Ramkali! Kin haukace? Tashi, 'yar jan mushe!"

"Ke Bitola, rufe min baki. Da bakinki kika ce ga kujerata." Ta juyo wajen ƙofa. "Sukhai! Zo nan."

Babu wanda ya taɓa jin wannan sunan a Kherauli. Ƙafafuna suka kawo ni ba da shawarata ba. Na ga Kusum ta jingina da bango, fuskarta kamar toka. Na ce shi ke nan, yau komai ya ƙare.

"Wata tara na ɗauke ka," ta ce. "Kana shekara huɗu ka faɗa a kaskon wuta, ga tabon nan a bayan cinyarka ta hagu. Ni na tauna ganye na manna maka. Ka faɗa musu ƙarya nake."

Sai wata tsohuwa daga baya ta ce, "Wayyo! Uwarsa ce ta hau kanta!"

Maganar ta zaga kamar wuta a karmami. Ai ga shi muryar ma ta canza. Ai mai aiki ba za ta san tabon da ke cikin wando ba. Ai kira aka yi, kuma marigayiya ta rasa jikin da za ta shiga sai wanda ke kusa. Chachi ta juyo gare ni, idanunta waje.

"Varmaji, akwai tabon?"

"Akwai."

"To me kake jira? Uwarka ce! Gaishe ta!"

Ban yi karatu mai zurfi ba, aji takwas na tsaya, amma na san ƙofa in an buɗe min ita. Na durƙusa a gaban mata talatin na kama ƙafafun uwata, masu kaushi da kashin ɓauna, na ɗora goshina. Na yi kuka, kuma kukan na gaske ne. Mata suka ce dubi ɗan kirki. Bitola Chachi da kanta ta rarrafo ta taɓa ƙafafun, tana cewa, "Ki yafe min, Jagrani Devi, ban san ke ce a ciki ba."

Uwata ta dube ni. Ta jira. Kalma huɗu kawai take jira, uwata ce da ranta, na sani, kuma ban faɗe su ba. Sai ta yi wata 'yar dariya ta ce, "Ku kawo min yarinyar."

Aka matso mata da Nilam. Ta tsoma hannu a kurkum ta shafa mata a goshi, da kumatu, da damatsa, a hankali, ta daɗe tana yi. Ta riƙe fuskarta da hannu biyu.

"Ce min Dadi." Haka jika ke kiran uwar ubanta.

"Dadi," in ji Nilam.

"Ƙara."

"Dadi."

Uwata ta cinye alawar tas, ta sa a ƙaro ruwa. Sannan tari ya sarƙe ta, ta dafa ƙasa. Chachi ta ce, "Ta tafi! Marigayiya ta tafi, ku ja da baya!" Nan take aka dare. Waɗanda suka taɓa ta suka yi layi a famfo. Aka shafe tsakar gida da sabon kashin shanu, aka yayyafa ruwan kogi mai tsarki na Ganga don tsarkakewa, aka saka kofin tagulla a wuta. Nilam ta yi wanka sau biyu, aka sake kwaɓa wani kurkum. Ramkali kuwa aka ce ta koma rumfarta, kuma ta gode wa Allah da jikinta ya samu wannan daraja.

Washegari da hantsi saƙon Bhagirath ya iso. Ya ce shi mutumin zamani ne, bai yarda da irin waɗannan abubuwa ba ko kaɗan. Sai dai uwar yaron ta ce kurwar da ta san hanya za ta iya dawowa ranar ɗaurin aure, a gaban wuta mai tsarki, a cikin wannan jikin. In ba a rufe hanyar ba, motar ango ba za ta tashi ba. Har boka ya haɗo mu da shi, don kar mu wahala.

Na shiga rumfar kafin bokan ya shirya.

"Mayi, na ɗan lokaci ne. In ya tambaya, ki ce kin tafi ba za ki dawo ba. Shi ke nan."

"Wace ce za ta ce ta tafi? Ramkali ko ni?"

"Mayi, saura kwana biyu."

Ta juya min baya.

Aka fito da ita tsakar rana, rabin unguwa na kan katanga. Bokan ya zuba busasshen barkono a garwashi ya kara mata a fuska, ita da ke tari ko babu hayaƙi. Ya ce dole ɗan marigayiya ne zai riƙe ta, don kurwa ba ta jin maganar bare. Na riƙe damatsanta ta baya. Babu nauyi ko kaɗan. Ya tsinko reshen darbejiya ya fara zabga mata a baya.

"Wace ce ke?"

"Jagrani."

Ya ƙara barkono. "Me kike nema a gidan nan?"

"Gidan ɗana ne."

"Kun ji taurin kai irin na manya," in ji wata a kan katanga, cikin sha'awa.

Ya yi ta duka har reshen ya zama tsinke, ya karyo wani. Kusum ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Nilam tana bayan taga, amarya ba ta fita. Ni ina ta raɗa mata a kunne, ki faɗa, ki faɗa, don Allah ki faɗa. Da ya tambaya karo na bakwai ko na takwas, ta ɗago kai, idanunta sun yi jajir, ba shi ta kalla ba.

"Na tafi," ta ce. "Ba ni da kowa a gidan nan. Sake ni."

Aka yi shewa. Bokan ya buga ƙusa a dokin ƙofa, ya karɓi zakaransa.

An ɗaura aure lafiya. Baƙi ɗari huɗu suka ci, babu wanda ya ture ganyen da aka zuba masa abinci a kai. Da za a saka Nilam a mota ta rungume ni tana kuka, ta ce a kunnena, "Babuji, hannunta irin naka ne. Har ɗan yatsan da ya lanƙwashe." Kafin in buɗe baki ƙawayenta sun ja ta.

Da motoci suka tashi, na zuba puri da shinkafar madara a farantin gida, na tagulla, na nufi rumfar. Na shirya abin da zan ce. Zan ce an gama, Mayi, taso ki shiga ɗaki. Na tarar da ɓauna tana tuƙa. Buhunan an ninke su an ajiye a kan dutse, da sauran maganin tari a kai. Mai shayin bakin titi ya ce tun da safe, ana tsakiyar hidima, ya ga wata tsohuwa ta nufi tasha a ƙasa. Ya ce ya lura da ita ne don ta ratsa unguwar da takalmi a ƙafa.

Yanzu a Kherauli darajata ta ƙaru. Mata suna kawo 'ya'yansu su nuna musu inda kujerar take. Bitola Chachi tana gaya wa kowa cewa daga jin maganar marigayiya ka san babbar mace ce, 'yar asali, wadda ko a jikin majemiya ba ta ɓoyu ba. Bhagirath ya ce bai taɓa ganin ɗa mai biyayya kamata ba. Nilam ta zo gida sau biyu. Tana gaishe ni yadda ya kamata, amma ba ta sake kallon hannuna ba, ban kuma tambaye ta dalili ba.

Na ɗauki hutu na tafi gabas. A unguwarmu an ce tun da ta tafi da damina ba a sake ganinta ba. Na sauka a tashoshi shida a hanyar dawowa, na duba masu kwana a dandamali, na shiga asibitoci biyu. A ko'ina sai an tambaye ni sunanta da abin da take a gare ni. A can nesa, inda ba a san ni ba, na iya faɗa.

Wata bakwai ke nan. Ban san jirgin da ta hau ba, ban san inda ta sauka ba, kuma ban sani ba ko tana raye.